Takalma a Kan Kututturen Orrin

Wata Asabar cikin watan Yuli, Marva Kangas tana tsaye a layin biya a babban kantin garin Brannock, da gwangwanin kofi da ƙullin fulawa a kwandonta, sai idonta ya faɗa kan bayan rigar yarinyar da ke gabanta. Baƙar riga ce, an rubuta mata da ja, manyan haruffa: NI CE MATAR ORRIN KANGAS.

Marva ta cire tabarau, ta goge shi da gefen rigarta, ta mayar. Rubutun yana nan yadda yake. Ta taɓa kafaɗar yarinyar.

"'Yata, ina kika samo wannan rigar?"

Yarinyar ba za ta wuce shekara sha shida ba. Ta juyo da fara'a, leɓenta baƙi ƙirin da jan baki.

"Saya na yi, Madam. Ga shagon can a tsallaken titi. Akwai manya da ƙanana, ke ma za ki samu daidai ke."

"Kin san shi ne?"

"Orrin? Haba, Madam, wa bai san Orrin ba? Ni dai in ba shi ba, rijiya."

Marva ta ajiye kwandon a ƙasa. Mai karɓar kuɗin, wanda ya ci abincin hannunta tun yana firamare, ya gaya mini daga baya cewa fuskarta ta koma kalar fulawar da ta ɗauko.

"Ni ce matar Orrin Kangas," in ji ta. "Ni na binne shi."

Yarinyar da ƙawarta suka tuntsire da dariya har da tafi.

"Kai, mutanen garin nan kun iya wasa! Don Allah tsaya mu yi hoto."

Suka sa ta a tsakiya, suka ɗauka. Ba ta hana su ba. Ta fita ta bar kofin da fulawar a ƙasa.

An haifi Marva a sansanin masu saran katako, can cikin daji gabas da Brannock, a jihar Washington. Kakanninta daga Finlan suka zo. Ubanta yana sare bishiyoyi, uwarta tana dafa wa ma'aikata. Tana da shekara ashirin ta auri Orrin Kangas, wani gajeren mutum mai faɗin ƙirji, mara yawan magana, wanda duk dajin ya san shi da abu biyu: yana kayar da bishiya daidai inda ya nuna da yatsa, kuma yana da ƙananan ƙafafu. Takalmin ƙusa irin na masu sara, mai tsinayen ƙarfe a tafinsa don kada a zame a kan jiƙaƙƙen gungume, ba a samun daidai ƙafarsa a kanti, sai an aika birni an ɗinko masa. Abokan aikinsa suna ce masa Ƙafar 'Yar Tsana. Ƙanensa Arvid kuwa, wanda suke aiki tare, zabgegen ƙato ne, ana tsokanarsa cewa in takalminsa ya tsufa a ba masunta su yi kwale-kwale.

Ba su sami haihuwa ba. Marva ta kama aiki a ɗakin girkin makarantar garin, ta yi shekara talatin da ɗoriya tana zuba makaroni da cuku a faranti. Duk wanda ya tashi a Brannock a wannan tsakanin, ta san abin da yake ci da abin da yake turewa gefe, ta kuma san wanda ya zo makaranta bai karya ba. Har yau magidanta masu furfura suna ce mata Misis Kangas, suna gyara tsayuwa in ta shigo wuri.

A kakar shekarar 1999 Orrin ya mutu. Wani busasshen reshe da ya karye tuntuni ya maƙale a saman bishiya, girgizar injin yanka ta sako shi, ya same shi a ka. Masu sara suna da sunan irin wannan reshen, mai-sa-takaba suke ce masa. Arvid ne ya ɗauko gawar a kafaɗa har bakin hanya. Ni na rubuta labarin rasuwar a jaridar garin.

Bayan jana'iza aka yi masa abin da ake yi wa duk wanda daji ya ci. Aka ɗauki takalmansa aka kafe su da ƙusa a kan kututturen bishiyar ƙarshe da ya sare, wanda ke kusa da hanyar da ta nufi bakin teku. Al'adar tana da ƙa'ida biyu, kuma ko yaron goye a Brannock ya san su. Ba mai cire takalman, ruwan sama ne zai cinye su a hankali har su ƙare. Ba a kuma taɓa ɗora takalmin mai rai a kan kututture, don kiran mutuwa ne. Wani abokin aikinsa, Wendell Petrich, ya sassaƙa allo ya kafa a jikin kututturen: ORRIN KANGAS. MAI-SA-TAKABA NE YA ƊAUKE SHI.

A lokacin ma garin ya riga ya fara mutuwa. An rage izinin sara a dajin gwamnati, injinan katako suka rufe ɗaya bayan ɗaya, matasa suka watse. Ana cikin haka wata marubuciya da motarta ta taɓa lalacewa a Brannock, ta kwana biyu a masaukinmu tana kallon ruwan sama, ta koma gida ta rubuta littafi don matasa: wata 'yar makaranta ta kamu da son wani saurayi mai shan jini, a wani gari da rana ba ta cika fitowa ba. Ta sa wa garin sunan namu. Littafi ɗaya ya zama huɗu. Aka yi fim. Ko da yake ba a ɗauki ko minti ɗaya na fim ɗin a nan ba, 'yan mata suka fara sauka a motoci daga kowace kusurwa ta duniya, da iyayensu a baya suna riƙe da lema.

Baƙi sun zo neman wuraren da babu su, sai kwamitin 'yan kasuwar garin ya samar musu. Aka zaɓi wani farin gida aka kafa allo cewa nan yarinyar labarin take. Aka zana fili a bakin makaranta aka ce nan saurayin ke ajiye motarsa. Har kabarin ƙarya aka yi a kusurwar filin shaƙatawa, da dutse da kwanan wata. Ba wanda ya ga laifin wannan. Shaguna da suka yi shekaru a rufe sun sake buɗewa.

Bayan fim sai kamfanin ɗab'i ya ce a mai da littattafan labari mai zane. Aka turo wani mai zane daga birni ya zaga garin da kyamara don ya ga yadda wurin yake. Ya ɗauki farin gidan, ya ɗauki kabarin ƙarya, ya bi hanyar bakin teku ya ga kututture da tsofaffin takalma da allo. A garin da kowane allo na ƙarya ne, bai ga dalilin tambaya ba. Bai kuma taɓa jin sunan da masu sara ke kiran irin wannan reshen da shi ba. Ya ɗauka Mai-sa-takaba sunan wani dodo ne da kwamitin ya ƙago, kuma sunan ya burge shi.

Babu Orrin Kangas a littattafan marubuciyar. A labarin mai zane ya shigo: wani dogon saurayi mai saran katako, mai dogon gashi, wanda tsohon mashayin jini mai suna Mai-sa-takaba ya cija a daji. Aka ɗauka ya mutu, aka kafe takalmansa a kututture, shi kuwa ya tashi yana yawo ba takalmi har abada. Masu karatu suka so shi fiye da jarumin labarin. Da aka zo yin shirin talabijin, sai aka ɗauko shi aka ba shi babban matsayi.

Duk wannan Marva ba ta sani ba. Ba ta karanta irin waɗannan littattafai, talabijin ɗinta kuma labarai da hasashen yanayi kawai yake nunawa. An yi mata aiki a ƙugu, ta daɗe ba ta fita sai coci da asibiti, Arvid ne ke yo mata sayayya, shi ke kula da kututturen. Wannan Asabar ce ranar farko da ta ce za ta je kanti da ƙafarta.

Daga kantin ta tsallaka titi ta shiga shagon Trudy Vandermeer, shugabar kwamitin. Ta tarar da sunan mijinta a kan riguna, a kan kofunan shayi, a kan matasan kai. A bango ga ƙaton hoton wani saurayi ba riga, jini a haɓarsa.

"Trudy, wane ne wannan?"

Trudy ta saki rigar da take ninkewa.

"Misis Kangas! Ai ban san kin fara fita ba. Zauna, ga kujera."

"Ban zo zama ba. Na ce wane ne wannan ɗan iskan da ba shi da riga?"

"Wai... wai shi ne Orrin. Na labarin, ba naki ba."

"Orrin nawa ne a garin nan?"

Trudy ta sunkuya ta ɗauki rigar da ta saki.

"Tun yaushe?"

"An kusa shekara biyu."

"Wa ya sani?"

"Misis Kangas, kowa ya sani. Mun zauna, muka ga ba ki da lafiya, Arvid ya ce kada wanda ya gaya miki. Mun rubuta wa kamfanin, sun ba da haƙuri, sun ce za su canza sunan a bugu na gaba. Amma yaran sun riga sun haddace shi. In ban sayar ba, shagon gaba zai sayar."

"Ke da nake ɓoye wa ƙarin kek a ƙarƙashin faranti don uwarki ba ta da shi," in ji Marva. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauki littafin zanen ɗaya daga kan tebur, ta buɗe, ta yi ta juya shafi har ta kai inda aka zana kututturen. Mai zanen gwani ne. Ga allon Wendell, har da tsagewar da ke gefensa. Ga ƙananan takalman Orrin, na hagu ya ɗan karkace kamar yadda yake.

"Suna zuwa wurin?"

Trudy ta gyaɗa kai.

"Sun taɓa masa takalma?"

"Suna nan, Misis Kangas. Jiya ma na wuce na gan su. Arvid yana kula."

Da yamma Arvid ya zo gidanta, labari ya riga ya kai masa. Ya tsaya a bakin ƙofar kicin da hularsa a hannu, kansa yana taɓa saman ƙofar. Sanye yake da wani farin takalmin yadi irin na 'yan makaranta, wanda ya yi watanni yana sawa, yana cewa ciwon yatsa ne ya hana shi sa takalmin aiki.

"Marva, ki yi haƙuri."

"Gobe bayan coci za ka kai ni."

"Hanyar ta lalace, ƙugunki ba zai ɗauka ba. Ki bari sai kaka, in baƙin sun ragu."

"Ƙaton banza, ƙuguna ne ko naka?"

"Ki bari dai. Ba abin da za ki gani sai ɓacin rai."

Washegari bai zo ba. Ranar Litinin da safe ta tayar da tsohuwar motar Orrin ta tuƙa kanta.

Tun daga nesa ta ga motoci a jere a gefen hanya. Ƙafafun mutane sun fitar da turba a inda da ciyawa ce. Kututturen da ta sani lulluɓe da gansakuka ya koma ja da baƙi, duk shatin leɓɓa ne, 'yan mata sun shafa jan baki sun sumbaci itacen. Ga kyandirori, ga haƙoran roba, ga gashin mutum an yanko an ɗaure da zare. A kan allon Wendell, wani ya ƙara da alƙalami: BAI MUTU BA. Wata uwa tana ɗaukar 'yarta hoto, yarinyar ta rungume kututturen tana kukan gaske.

Marva ta ce duk wannan ta iya haɗiye shi. Ta matsa da sandarta, ta ɗaga kai ta dubi takalman.

Suna nan a kafe, an shafe su da laka, an cusa musu gansakuka a baki. Amma kowane ɗaya ya kusa tsawon hannunta daga gwiwa zuwa yatsu. Fatar ba ta ruɓe ba, ƙusoshin da aka kafe su da su ko tsatsa ba su gama yi ba. A Brannock kaf mutum ɗaya ne ke da irin wannan ƙafar, kuma ranar Asabar ya tsaya a bakin kicin ɗinta da ransa.

Matar da ke ɗaukar hoto ta ce tsohuwar ta yi wata irin ƙara, ba kuka ba, ba magana ba, ta zauna daɓas a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Suka ɗaga ta. Ta ce su sake ta.

Kowace safiya tsofaffin masu sara suna haɗuwa a gidan abincin da ke kusa da gada, a teburin ƙurya, su sha kofi su ci ƙwai su zagi gwamnati. Nan ta same su. Wendell Petrich yana tsakiyar ba da labari, Arvid ya ba ƙofa baya. Ta tako har teburin, laka a siket ɗinta.

"Arvid Kangas, ina takalmanka?"

Arvid bai juyo ba.

"Marva, zauna ki sha kofi," in ji Wendell. "Takalmin wannan ai sai dai a tambayi masunta."

Ba wanda ya yi dariya, don sun ga fuskarta.

"Wendell, yaushe rabonka da kututturen Orrin?"

"Ina wucewa a mota. Ba na tsayawa, ba na iya kallon abin da yaran nan suke yi."

"To ka je ka tsaya. Takalman da ke kai ba na Orrin ba ne. Na wannan ne."

Wendell ya ajiye kofinsa a gefen faranti, ya zube, bai lura ba. Ya leƙa ƙarƙashin tebur ya dubi farin takalmin yadin, ya ɗago. Wani daga cikinsu ya cire hularsa. Mai gidan abincin ta tsaya cak da butar kofi a hannu.

"Kai, Arvid," in ji Wendell. "Ce mini ƙarya take."

"Ba ƙarya take ba."

"Kana da hankali kuwa? Da ranka? Uban wa ya taɓa yin haka?"

Arvid ya dafa tebur da manyan hannuwansa. Bai saba dogon bayani ba, a guntu-guntu ya yi shi. A kakar bara ya je kututturen ya tarar babu takalmin Orrin na hagu, an ɓanɓare shi, sai ƙusa da ɗan guntun fata. Ya yi ta nema a cikin ciyawa. Kafin mako ya zagayo na daman ma ya tafi. Ya kai ƙara wurin 'yan sanda, suka rubuta, suka ce mutum dubu nawa ke tsayawa a wurin, daga ina za su fara.

"Da ka zo ka gaya mana," in ji Wendell.

"In gaya muku ku yi me? Ku gaya wa matanku, su gaya mata tana kwance a asibiti? Na san wata rana za ta wuce a mota. Na ce in ta hango takalma daga nesa, shi ke nan."

"To ka sayo a kanti mana, sakarai!"

"Na shiga kantin. Na ɗauka, na ajiye. Takalmin da bai taɓa shiga daji ba, in kafa wa Orrin? Ya zama irin kabarin ƙaryar nan na su Trudy ke nan." Sannan ya ƙara da cewa, "Ranar da reshen ya faɗo, ni nake tsaye a wurin kafin Orrin ya ce in matsa in ɗauko man injin. Ko da can ma takalmana ne ya kamata su hau."

Marva ta ɗaga sandarta ta maka masa a kafaɗa. Ba da ƙarfi sosai ba, amma duk gidan abincin an ji.

"Na binne Kangas ɗaya," in ji ta. "Ba ka isa ka sa in binne na biyu don wasu yara sun saci tsohuwar fata ba. Tashi. Wendell, akwai guduma a motarka?"

"Marva, ba a cire takalmi daga kututture."

"Na matattu ne ba a cirewa. Wannan ƙaton ya yi maka kama da matacce? Dubi yadda ya share ƙwai huɗu."

Motoci biyar suka bi ta. A gaban baƙin da ke wurin, waɗanda suka ɗauka wani wasa ne kwamitin ya shirya har suka fara ɗauka a waya, Wendell ya hau kan kututturen da guduma mai bakin cire ƙusa. Ya ce shekararsa hamsin a daji bai taɓa ganin an yi haka ba, bai kuma taɓa jin wanda ya gani ba. Ya zare ƙusoshin, ya miƙo takalman. Marva ta zazzage gansakukar, ta jefa su a gaban Arvid.

"Sa su."

"Sun huje, Marva. Ruwa zai shiga."

"Ya shiga. A ƙafarka za su mutu."

Ya zauna a kan turba ya sa. Ta sa Wendell ya cire allon ma, ta ɗora shi a kujerar gaba ta tafi da shi gida. Ta ce tunda takalman Orrin sun tafi, abin da ya rage a wurin itace ne kawai.

Ba a ga takalman ba har yau. An ce an ga hoton na hagun a intanet, a kan kantar littattafan wata yarinya a wata ƙasa, amma da aka bi sawu ba a sami komai ba. Kamfanin ya cika alkawari, ya canza harafi biyu a sunan a sabon bugu. Trudy ta kwashe rigunan daga shagonta, shagon gaba ya ci gaba da sayarwa. Arvid yana yawo da hujajjun takalmansa, ƙafarsa a jiƙe duk lokacin sanyi, kuma bai mutu ba, abin da Wendell ke cewa har yanzu yana ba shi mamaki.

Marva ta ɗauka magana ta ƙare. Ba a yi wata ɗaya ba Wendell ya buga mata waya, ya ce ta zo ta gani, shi bakinsa ba zai iya faɗa ba.

Baƙi sun zo sun tarar da kututture ba takalma, labari ya bazu a tsakaninsu cewa an sace takalman Orrin. Sai wata ta cire nata ta kafa masa. Wasu suka gani suka bi. Da Marva ta isa, saman kututturen da gefensa duk takalma ne: na yadi masu ruwan hoda, na makaranta, silifa, har da wani ɗan mitsitsi na jaririn da bai fara tafiya ba. Kowanne da ƙusa a tsakiyarsa, wasu an rubuta sunan mai shi da shekarunta a jiki.

Wendell ya ce ta daɗe tana kallo, hannunta a kan bakinta.

"Duk waɗannan suna da rai," in ji ta. "Wendell, duk 'ya'yan mutane ne."

"Ba su sani ba, Marva. Su a wurinsu ƙauna ce."

"Ni na sani. Ba ni gudumar."

Tun daga ranar, in dai ƙugunta ya bar ta, da safe takan tuƙa motar zuwa hanyar bakin teku da guduma da kwali. Ta zare ƙusoshi, ta jera takalman a kwalin, ta kai su ɗakin ajiyar coci, inda duk wadda ta dawo nema za ta samu nata. Kwamitin ya kafa allon gargaɗi a wurin, baƙi suka ɗauka shi ma cikin wasan ne, suna hoto da shi. Shekararta sittin da biyar yanzu. Likita ya hana ta hawa kututturen, don haka Arvid ke cire na sama, ita tana cire na ƙasa tana yi masa faɗa.

Ranar da na je wurin don wannan rubutu, ana yayyafi. Muka tarar da wata yarinya ta durƙusa da dutse a hannu, ƙafarta ɗaya ba takalmi, tana ƙoƙarin buga ƙusa. Marva ta dafa ta.

"'Yata, mai da takalminki ƙafarki."

"Na Orrin ne, Madam. Ba shi da takalmi."

"Orrin ba ya bukata. Ke ce za ki kamu da mura. Shekararki nawa?"

"Sha huɗu."

"Uwarki ta san kina nan?"

"Tana mota."

"To je ki same ta. Kin karya kuwa?"

Yarinyar ta girgiza kai. Marva ta zare ƙusar daga hannunta ta jefa a aljihu, ta juya ta ƙwala wa Arvid kira, ta ce ya duba kujerar baya, akwai burodi a cikin tawul.